Filin Sana'ar Hannu: Wane Injin Murza Itace Zan Saya?

Wasiƙun wannan karo huɗu ne, kuma Allah ya sa duk a kan aiki ɗaya suke. Ta farko ce za ta ci mana wuri, sauran sai mu taƙaita.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne a Makka, unguwar Rusaifa, ina tsaron shagon kayan lantarki. Kusan shekara guda ke nan ina kallon masu murza itace da inji a waya, suna fitar da kwano da kaskon turare daga guntun icce, har abin ya shiga raina. Na tara ɗan kuɗi. Wani abokina ya ce akwai taron masu wannan aiki a Jidda, in bi shi mu je, amma nauyi nake ji don ko cizal ban taɓa riƙewa ba. Ya dace irina ya je? Kuma wane inji zan saya, ƙarami ko babba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ƙulle kuɗin nan ka ajiye tukuna, ka bi abokinka. Tashar jirgin ƙasan Haramaini ma a unguwarku take, kusan rabin awa ka sauka Jidda. Nauyin da kake ji na san shi, don ni ma na ji shi, amma ba shi da tushe. Domin ɗan koyo aka fi yin irin wannan taro. Ƙwararre yana da injinsa a gida, babu abin da zai sa ya ɗauko shi a bayan mota ya fito in ba son ya ga wani ya iya ba. Can ƙasashen waje ma haka abin yake: ƙungiyar masu murza itace ta Amurka da aka kafa a 1986, da ta Birtaniya da ta biyo baya a 1987, babban aikinsu tara jama'a ne a nuna musu yadda ake yi.

Ga masu karatu da ba su san abin ba, inji ne da ake ɗaura itace a jikinsa ya riƙa juya shi da sauri, kai kuma ka jingina ƙarfe mai kaifi kana fere shi har siffar da kake so ta fito. Larabawa suna ce wa injin makhraɗa, mai aikin kuma kharraɗ. Kakana masassaƙi ne a wani ƙauye a ƙasar Kano, turmi da taɓarya da akushi da ƙota ya ci da mu da su. A wurinsa itace ke zaune, gizago ke kai da komo. A nan kuwa ƙarfe ke tsaye, itace ke gudu. Shekarata 23 a Jidda ina kula da sito a wani wurin sayar da katako, kullum ina cikin ƙamshin itace, amma sai da na fara wannan aiki na ji kamar na koma gindin bishiyar da tsohon yake sassaƙa.

Taron da na je na baya-bayan nan, da hunturun da ya wuce aka yi shi, ranar Juma'a bayan La'asar, a farfajiyar warshar wani ɗan ƙasa, wato wurin aikinsa na katako, can arewacin gari ta hanyar Usfan. Ba shi da suna, ba shi da allon talla, a waya ake sanar da juna. Mun kai mutum 25. Akwai 'yan ƙasa, akwai Bamisire ɗan Dumyaɗ, garin da ya shahara da kujeru da gadaje, akwai wani injiniya ɗan Filifin, da ɗan Maroko, da wani dattijo ɗan Omdurman. Mu uku ne Hausawa, mu muka kawo tsire, wanda mutanen Hijaz suke ce wa siriyya. Mai gida ya fito da gahawa da dabino. Inji bakwai aka jera a gindin katanga.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu Proxxon ne, ƙirar Jamus, wanda za ka iya rungumarsa a hammata ka hau bene. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya ne mai shi, alƙaluma da ƙwayoyin carbi yake yi. Sai matsakaita guda uku da ake ɗorawa a kan tebur, ɗaya Jet, ɗaya Record Power na Ingila, ɗaya kuma ɗan Caina da ko sunan kirki babu a jikinsa. Waɗannan suna juya itace mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Sai babban na mai gida, Powermatic, zubin ƙarfe wajen kilo 300, mai ƙarfin doki 2, yana juya kwano mai faɗin rabin mita. Shi ba a ɗaga shi, ƙofar warsha kawai aka wangale. Duk wanda ya shigo wurinsa yake fara nufa, ya shafa shi, ya tambayi kuɗinsa.

Amma kafin Magariba jama'a ta watse daga wurin babban inji ta koma kan biyun ƙarshe. Ɗan Maroko ya zauna a ƙasa da abin da ko lantarki ba ya buƙata: katako biyu da ƙusa a kowanne, da baka mai igiya da ya naɗa a jikin itacen. Hannun dama na jan bakan, hagu na riƙe da ƙotar cizal, babban yatsan ƙafarsa na tuƙa bakin. Haka ake yi a kasuwar Marrakesh har yau. Cikin ɗan lokaci ya fitar da ɗan sanda mai zobe a wuya, zoben yana yawo amma ba ya fita, duk daga itace ɗaya. Wannan aiki tsoho ne ƙwarai. A Masar, a kabarin wani mai suna Petosiris, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu, ɗaya na jan igiya ɗaya na fere itace.

Dattijon Omdurman kuwa da hannunsa ya haɗa nasa: dogayen ƙarafa biyu, injin famfon ruwa, bel, da boris guda biyu. Ya ce tun yana yaro yake murza ƙafafun angarib, gadon igiyar nan na mutanen Sudan. Ya ɗaura guntun katakon da Larabawa ke kira zan, ya ɗauki cizal mai karkataccen baki, wanda duk ɗan koyo yake tsoro, ya bi ta kansa sau uku. Sassaƙen yana fita dogo dogo kamar taliya, wurin da ƙarfen ya wuce yana sheƙi, ko samfefa bai taɓa ba. Na daɗe ina kallon kayan da aka yi a injin da ya ninka nasa kuɗi sau ban san adadi ba, ban ga wanda ya kai nasa tsafta a daren nan ba.

A wurin akwai wani yaro sa'anka da ya riga ya sayi inji wata biyu da suka wuce, kuma yana shirin sayar da shi, don duk lokacin da ya kai ƙarfe sai ya kafe a itacen ya fizge masa hannu. Dattijon ya ce ya nuna masa yadda yake yi. Da yaron ya fara, sai dattijon ya dafa hannunsa ya sauke ƙotar ƙasa, ya ce: "Ya waladi, ka ɗora ƙarfe a kan majingina tukuna. Sannan goshinsa ya hau itace yana shafa, ba ya ci. Sannan ka ɗaga ƙota a hankali har baki ya fara ci." Goshi shi ne shafaffen gefen nan da dutsen washi ya ci a bayan kaifi. Ko minti goma ba a yi ba yaron ya fara fitar da sassaƙe. Ya ce ya ji wannan magana a bidiyo ba sau ɗaya ba, amma bai gane ta ba sai da aka riƙe hannunsa. Waya ba za ta gaya maka ƙarfenka ya dakushe ba. Ba za ta koya wa kunnenka bambancin kukan itace lafiyayye da na mai tsaga a ciki ba. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

In za ka je, ka sa riga mai gajeren hannu. Hannun jallabiya, da bakin hirami, da agogo, da zobe, duk abin da itace mai gudu zai iya naɗewa ne, kuma ba ya jira. Safar hannu ma haɗari ce a wannan aiki. Mai dogon gemu ya tura shi cikin riga. Kada ka tsaya daidai saitin itacen da ke juyawa, musamman lokacin da aka kunna inji, ka koma gefe. Kada ka yi wa mutum magana ƙarfensa na cikin itace, kada ka ɗauki cizal ɗin wani ba izini, don kowa da irin washinsa. Ka tafi da ɗan guntun itace mai kyau ka ba wanda ya koya maka, kuma in an tashi ka ɗauki tsintsiya.

Garkuwar fuska kuwa ita ce farkon abin da za ka saya, tun kafin inji. A shekarata ta farko na ɗaura guntun darbejiya mai tsagar da ban lura da ita ba, na kunna inji a kan gudun da na bar shi jiya. Nan take itacen ya rabe biyu, rabi ya daki garkuwar ya tsaga ta daga sama har ƙasa. Tabarau kaɗai ba zai tare wannan ba. Ka lissafa da kanka: kwano mai faɗin santimita 30 in yana juyi 1,000 a minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 57 a awa.

Yanzu maganar inji. In ka je ka gwada uku ko huɗu, zuciyarka za ta gaya maka abin da kake son yi, shi kuma zai gaya maka injin. Amma tun da ka ambaci kwano da kaskon turare, ra'ayina matsakaici ne, mai juya faɗin santimita 30, ƙarfin doki kashi uku cikin huɗu zuwa doki 1, gadonsa, wato dogon ƙarfen da sauran sassan ke zaune a kai, zubin ƙarfe. Nauyi alheri ne a wannan inji, shi ke hana rawa. Masu gadon bututu ko na gwangwani ka wuce su ko da araha, araha ba ta ado.

Masu talla gudun sama suke rubutawa da manyan haruffa. Kai ka duba na ƙasa. Akwai lissafin da masu aikin suke bi: faɗin itace da inci, a ninka da juyin minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Kwano mai inci 12 ke nan juyi 500 zuwa 750, in kuma bai daidaita ba tukuna sai a fara ƙasa da haka. Injin da mafi ƙarancin gudunsa 800 ne bai dace da kwano ba. A nan sana'arka za ta taimake ka, don ka san wutar Saudiyya 60 Hz ce, wato yawan kai da komonta a daƙiƙa, ta Turai 50. Injin bel da aka ƙera don Turai in ka jona shi a nan gudunsa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100, wanda aka rubuta 750 ya koma 900. Na Amurka kuma ƙanana yawanci na bolt 120 ne. Ka karanta farantin da ke jikin injin kafin ka biya. In kuɗinka ya kai mai maɓallin rage gudu da ƙarawa, ka saye shi, za ka gode.

Sai zaren bakin injin, irin wanda noti ke bi, inda ake ɗaura madamƙi mai muƙamuƙi huɗu da ke riƙe gindin kwano. Ka nemi zaren da ya yaɗu, inci 1 mai zare 8, ko M33 na Turai, ramin tsakiya kuma mai awon da ake kira MT2. Na san wanda ya sayi inji mai baƙon zare, ya shekara yana neman madamƙin da zai shiga. In na hannu za ka saya, a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh da ke Jidda ko a wurin wani, ka tura tsinin da ke riƙe itace ta baya har ya sadu da na gaba, dole su haɗu baki da baki. Ka girgiza bakin injin, in yana motsi boris ya tafi. Ka kunna ka saurara.

Kuɗin da ka tara ka raba shi biyu, rabi inji, rabi sauran kaya: madamƙi, injin washi, garkuwa, takunkumin ƙura, da cizal biyar na ƙarfe mai riƙe kaifi da ake kira HSS. Biyar ɗin su ne babban mai kwarmi na daidaita sanda, ƙaramin mai kwarmi na ado, mai zurfin kwarmi na kwano, mai karkataccen baki, da siririn yankewa. Babban mai kwarmin nan kada ka kuskura ka kai shi jikin kwano, wuyansa siriri ne, yana karyewa. Kuma kada ka bi shawarar masu cewa a wasa tsohon magagari a mai da shi cizal, ƙarfensa tsantsar tauri ne, tarwatsewa yake yi.

In ka shigo Jidda da wuri, ka biya ta Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ka ɗaga kai ka kalli tagogin katakon da ake kira roshan. Da yawa suna zaton duk da inji aka murza su. Ragar da ke jikinsu, mangur, siraran katako ne da aka yanka aka sarƙa. Wadda ake haɗawa da ƙananan ƙwayoyi murzajju ita ce mashrabiyya ta Alƙahira. Ka saba wa idonka da rarrabe aiki tun yanzu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dattijuwa ce a Madina, ina zaune a bene da jikokina. Ina sha'awar in riƙa yin carbi da hannuna ina ba baƙin da ke sauka wurinmu daga gida. Akwai injin da mace za ta iya amfani da shi a cikin ɗaki ba tare da ta dami maƙwabta ba? Kuma ƙwallon dabino zai yi?

Amsa: Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya ba da ladan niyya. Akwai, kuma ba ƙarfi aikin yake so ba, natsuwa yake so. Ƙaramin inji irin na malamin makarantar da na ambata ya ishe ki, ƙararsa ba ta kai ta injin markaɗen kicin ba. Abin da ya fi damuna ƙura ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, ga kuma asma da ƙaiƙayin fata da wasu itatuwan ke tayarwa. Ki yi aikin kusa da taga ko a baranda, ki sa takunkumin ƙura na gaske, ki goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada yara su zauna kusa lokacin gugar samfefa. Mayafi da hannun abaya da awarwaro, abin da na gaya wa yaron Makka ya shafe su. Ki ɗaure kallabi tamau, kada wani baki ya sauko.

Ki fara da itacen zaitun, yana da laushin aiki, ga zane mai kyau. Ki sa kafinta ya yanka miki shi ƙanana masu kusurwa huɗu, milimita 12 kowane gefe, in ƙwaya mai milimita 10 kike so. A fara huda rami tukuna, sannan a zura a siririn ƙarfe a murza. In aka murza kafin a huda, ramin ba ya faɗawa tsakiya, carbin sai ya riƙa karkacewa a zare. Wahalar carbi ita ce ƙwayoyi su zo kai ɗaya, don haka ki sayi ma'aunin kauri, kuma in 33 kike nema ki murza 40 ki zaɓa. Dogon nan na kai da muke ce wa liman ki bar shi sai hannunki ya faɗa, shi ne adon carbi.

Ƙwallon dabino yana yin carbi, amma ba murza shi ake yi ba saboda tsagar da ke cikinsa. A wanke, a shanya ya bushe sarai, a huda, a goge, a shafa mai. Wanda ke murzuwa da kyau shi ne ƙwallon goruba. In aka fasa aka kai ga farin cikin nan ya bushe, tauri gare shi kamar hauren giwa, har maɓallan riga aka riƙa yi da shi a Eritiriya ana kaiwa Turai. Ki sa masu zuwa Umra su taho miki da shi. Yusur kuwa, baƙin murjanin teku da ake carbi masu tsada da shi, yana cikin halittun da aka sa wa cinikinsu takunkumi a duniya, ki bar shi.

Tambaya: Salam Malam. Daga Riyad nake. Na yi kwano uku da ɗanyen itacen da aka sare a gonar mai gidana, duka sun tsage kafin sati. Me nake yi ba daidai ba? Kuma ina zan riƙa samun itace?

Amsa: Ɗan'uwa, hannunka ba shi da laifi, ruwa ne ya fita da gaggawa. Ɗanyen itace in yana bushewa ba ya ƙanƙancewa daidai ta ko'ina: ta kewayen zobensa yana ja kusan ninki biyu na yadda yake ja daga tsakiya zuwa ɓawo, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Bakinsa biyu da aka yanka su ke saurin zubar da ruwa, sai waje ya bushe ciki na jiƙe, ya tsage. Iskar Riyad busasshiya ce, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara zuƙe laima. Mu a Jidda laimar teku tana ɗan rufa mana asiri.

Ranar da aka sare, ka tsaga gungumen biyu ta tsawo ka fitar da cibiyarsa, don daga nan tsaga take farawa. Ka shafe bakunan da farin gam na kafinta ko narkakken kyandir. In za ka murza shi ɗanye, kada ka gama a zama ɗaya. Ka bar kaurin bango kashi ɗaya cikin goma na faɗin kwanon, mai santimita 25 ke nan ka bar 2 da rabi. Ka sa shi a jakar takarda tare da sassaƙensa, ka ajiye a ƙasa a inuwa, nesa da iskar na'ura. Duk sati ka ɗora shi a sikeli ka rubuta. Ranar da nauyi ya daina sauka, bayan wasu watanni, za ka tarar ya ɗan koma kamar ƙwai, sai ka mayar da shi inji ka daidaita.

In na abinci ne kada ka shafa man gyaɗa ko na zaitun, suna daɗewa su yi wari a cikin itace. Man farafin na kantin magani, a narka da ɗan kakin zuma, ya fi.

Batun samun itace, ka kiyaye. Dokar muhalli ta ƙasar nan ta hana sare itatuwan daji irin su samur da ɗalh, da sayar da itacensu ko gawayinsu, kuma tarar tana da nauyi. Haramin Makka kuwa tun kafin doka hadisi ya hana sare bishiyarsa. Halastacciyar hanya tana da yawa: ragowar zan da ke zube a warshoshin kafintoci, rassan da aka rage a gona da izinin mai ita, zaitun daga Jauf, mangwaro daga Jazan, magarya da darbejiya da lemo. Kututturen dabino zare ne kawai, ba ya murzuwa da daɗi. Difla, mai jan furen nan da ake shukawa a bakin titi, guba ce daga ganye har itace, ko taɓa ta da ƙarfe kada ka yi. Katakon da ake ɗora kaya a kai in ka ga tambarin MB an yi masa feshin magani, ka bar shi, sauran ma ka bincika ƙusa.

Tambaya: Malam, ina shirin komawa Kano bayan shekara 15 a Dammam. In sayi injin a nan in tafi da shi? Kuma kafin in tafi zan iya sayar da abin da nake yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka gida lafiya. Ta biyu tukuna: baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ba shi da izinin ciniki ko wani aiki ban da wanda aka rubuta masa, kada ka ɓata shekara 15 a kan kaskon turare. Ka yi kyauta, ka tara gwaninta, cinikin ya jira Kano.

Injin kuwa, wutar Najeriya 50 Hz ce, haka ta Sudan ga masu komawa can. Ka nemi wanda aka rubuta 50/60 a farantinsa. Wanda aka ƙera don 60 kaɗai gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma yana iya ɗaukar zafi. Ni da zan zaɓa maka, mai bel zan ɗauka, don duk mai naɗin waya a Kano zai iya gyara shi, mai allon lantarki kuwa wuta ɗaya mai ƙarfi ta ishe shi. Doki 1 wajen wat 750 ne, amma wurin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa, ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba. Ka nemi mai dogon gado, ko wanda ake yi wa ƙari, don abin da zai fi kawo maka kuɗi a gida ƙafafun kujera da na tebur ne da sandunan matakala, ba kwano ba.

Abin da ya fi inji wuyar samu a can shi ne madamƙi da cizal masu kyau, su ka fi ba kuɗi. Ka haɗa da bel biyu da boris na ajiya. In ta jirgin ruwa kayan za su bi, ka kwance kan injin da wutsiyarsa, ka shafe gadon da girisi, ka naɗe da leda kafin a sa a akwati, don iskar teku tana cin zubin ƙarfe tun kafin kaya su iso Legas.